Amsa ga mai son haɗa jita da hannunsa: ina katako, ina sauran kaya?

Wa alaikumus salam ƙanena. Na ga tambayarka tun shekaranjiya, aikin gona ne ya sha min kai ban zauna ba sai yanzu. Ka ce kai yaron kafinta ne a wani ƙauye ta wajen Ringim, shekararka huɗu kana haɗa gado da durowa da benci, yanzu kana so ka gwada jita irin mai rami ɗin nan da ba ta buƙatar wuta, amma duk bidiyon da ka kalla a YouTube sai ka ji suna kiran sunayen itatuwan da ko a mafarki ba ka taɓa gani ba, shi ne kake tambaya ina za ka samo ko dai ka haƙura. Kar ka haƙura. Ni ma a gefen Wudil nake, kafinta ne kamar ogan naka, na haɗa jita da dama kuma na ɓata da dama kafin hannuna ya faɗa, to bari in faɗa maka abin da na sani.

Ka ɗauki gurmi ko garaya ko kukuma ka duba da kyau, mene ne yake ba da sautin? Ba ƙwaryar ba ce kuma ba sandar ba ce, fatar da aka ɗame a kai ce, tsirkiya ta girgiza jaki, wato ɗan abin nan da take hawa a kan fatar, jaki ya girgiza fata. To a jita babu fata, wannan siririn katakon na gaba mai rami a tsakiya, wanda ni nake ce wa fuska, shi ne yake aikin fatar, baya da gefe kuma su ne ƙwaryar. Akwai wani mutumin Sifen, Antonio de Torres, wanda kusan duk jita mai tsirkiyar nailan da ake yi yau a kan fasalinsa take tafiya, a 1862 ya haɗa wata ya yi mata baya da gefe da kwali, fuskar kaɗai ya sa wa katako na kirki, don ya nuna wa mutane inda maganar take, kuma jitar tana nan har yau a gidan adana kayan kiɗa na Basalona. Saboda haka wahalarka da kuɗinka su tafi kan fuska, sauran duk muna da su a ƙasar nan, wasu ma daga nan ake kwasa a kai musu can.

Kafin ka sayi ko falanki ɗaya ka yanke shawarar wacce iri za ka yi. Ni dai shawarata ta farkon ta zama mai tsirkiyar nailan. Tsirkiyoyin ƙarfe guda shida in an ɗaure su suna jan jaki da wuya da nauyin da ya kai kilo 70, kamar ka rataye ƙaton namiji ne a jikin katakon da bai kai milimita 3 ba, dare da rana, kuma dole ka sa ƙarfe mai juyawa a cikin wuyan. Na nailan kuwa wajen kilo 40 ne, ƙaramin kuskure tana yafewa, kuma wuyan zai iya zama ba ƙarfe in katakon ya bushe.

To fuska. Abin da kake ji suna kira sifurus wani ice ne na ƙasashen sanyi, akwai na Alaska da yammacin Kanada, akwai na tsaunukan Turai, sai kuma sida mai ja-ja shi ma na yankin Kanada ɗin. Abin da ya sa ake son su shi ne ba nauyi amma ga tauri ta tsawo, ka lanƙwasa ya dawo tsaf. Ba sa fitowa a ƙasarmu kwata-kwata, duk wanda ya ce maka yana da gonarsa ƙarya yake. In kana da hali ka yi oda, akwai kamfanoni irin StewMac a Amurka da Madinter a Sifen, kuma a AliExpress ma ana samu, amma ka sayi mafi ƙarancin daraja, domin darajar da suke sakawa yawanci ta kyan gani ce, wato layukan sun jeru daidai ba tabo ba bambancin launi, ba wai lalle ya fi amo ba. Mai koyo da zai iya zarce kauri da filen a rana ɗaya ba shi da haɗi da mai tsada. In babu halin oda, ka nufi inda ake sayar da falet da akwatunan da ake shigo da injina a ciki, ta wajen Sharaɗa da Bompai da Challawa ana samun masu tara su, da yawa daga cikinsu farin katakon Turai ne dangin sifurus ɗin. Ka duba hatimin da aka ƙona a jiki, in ka ga HT da zafi aka gasa shi ba matsala, in ka ga MB an yi masa turaren guba ne ka bar musu kayansu, haka wanda mai ko sinadari ya zube a kai. Matsalarsu ba su da faɗi kuma ga ido ga ramin ƙusa, za ka iya bincika falet ashirin kafin ka fitar da guda huɗu masu tsabta, to sai ka haɗa fuskar da yanki huɗu maimakon biyu, ba laifi ba ne in haɗin ya zauna ba haske a tsakani. Kar ka raina falet fa, Bob Taylor mai kamfanin Taylor a 1995 ya kwashi falet a bayan masana'antarsa ya haɗa jita da shi da gangan, har da tabon ƙusa, don ya nuna hannu ya fi sunan ice.

Ko ba ka samu na fuska a falet ba ka ɗebo guntaye, domin da su za ka yi ƴan sandunan da ake mannawa a ƙarƙashin fuskar, waɗanda nake ce wa azara tunda aikin azarar soro suke yi. Su kuma tsaga su ake da wuƙa da guduma su bi jijiyarsu, ba yanka da zarto ba.

Hanya ta uku ita ce ka yi fuskar da mahogani na Kudu. Kamfanin Martin tun 1922 suke fitar da jita wadda gaba da baya duk mahogani ne, muryarta ba ta kai ta sifurus tashi ba amma tana da daɗi, a dunƙule take. Obeche kuwa nauyinsa kamar na sifurus, har ya fi shi sauƙi, amma ba shi da wannan taurin kuma ƙwaro na son shi kamar me, kwana kaɗan ka ga gari-gari na zubowa daga ƴan ramuka. Ni na fi ɗaukar shi da malaina a matsayin na koyon hannu, ka fara ɓata su tukuna kafin ka taɓa mai kyaun.

Baya da gefe da wuya kam mu ne masu abin. Mahoganin da ake kawowa daga Kudu ɗan'uwan maɗacinmu ne na jini, sai dai maɗacin nan na Arewa ya fi shi nauyi da tauri kuma jijiyarsa a harɗe take, kana goga ta nan yana tsagewa ta can, don haka na wuya na fi son na Kudun saboda kar jitar ta riƙa rinjaya ta kai. Akwai safele, wanda sunansa ma daga garin Sapele na jihar Delta ya samo, manyan kamfanoni irin Martin da Taylor suna amfani da shi sosai. Akwai afara, wannan da kuke yin silin da firam ɗin kujera da shi kuna raina shi, shi ne kamfanin Gibson suka yi jitarsu Flying V da shi a 1958 suka sa masa suna korina, yau kuɗin waɗancan jitocin sai ka riƙe baki. Iroko ma yana yi amma ga nauyi ga cin kaifi kuma ƙurarsa tana shaƙe mutum, mansoniya ma ƙurarta mugun abu ce, in za ka taɓa su ka sa takunkumi. Har darbejiyar ƙofar gidanku dangin mahogani ce, na taɓa yin baya da ita ta yi kyau, illa dai tana son tsagewa wajen bushewa. Kuka da rimi ka manta da su.

Yanzu ranar da ka shiga ƴan katako na Na'ibawa ko na Rijiyar Lemo, a nan ne aikin yake, kuma ka tafi da sassafe ka ware wuni guda, ka sayi lemo ka ba yaran shagon domin sai sun ɗaga maka falanki talatin kana cewa a'a. Kar ka kalli fuskar falankin, ka zagaya ka kalli bakinsa inda aka datse. Za ka ga layukan shekarun icen, in ba su fito ba ka kankare da wuƙa ka ɗan shafa ruwa. Wanda layukan suka kwanta ko suka yi baka kamar jinjirin wata, wannan na gado ne da benci, zai kumbura ya motse kusan ninki biyu kuma zai kantare kamar faifai. Kai wanda layukan suka miƙe tsaye daga sama zuwa ƙasa kake nema. Su masu yankan ba don jita suke yi ba, jere kawai suke tsaga gungumen, amma kowane gungume falankin da ya ratsa ta tsakiyarsa dole layukansa na dama da hagu su tsaya, to shi za ka farauta, in ka samu sai ka cire zuciyar tsakiyar ka yar domin nan ne yake fashewa, ka tashi da yanki biyu kowanne kamar inci biyar. Bai kai faɗin rabin baya ba ko? To ka yi bayan da yanki uku ko huɗu. Martin da kansu da faffaɗan katakon Barazil ya yi musu wuya a 1965 sai suka fito da jitar D-35 mai baya yanki uku, kuma har yau ana rububinta. Sannan ka kalli gefen falankin ka ga ko jijiyar ta bi tsawonsa ko ta karkace ta fice, mai karkacewa yana karyewa wajen lanƙwasa gefe. Ba ido, ba ramin ƙwaro, ba farin ɓangaren nan na kusa da ɓawo.

In an tsaga maka shi siriri sai ka yi abin da iyayenmu mata suke yi in za su sayi tulu ko tukunya a kasuwa. Ka riƙe shi da yatsa biyu a wajen kashi ɗaya cikin huɗu daga sama, ka bar shi yana reto kusa da kunnenka, ka ƙwanƙwasa tsakiyar da gaɓar yatsa. Mai kyau zai amsa garau ya ɗan ja amon, ɗanye ko mai ɓoyayyen tsagu zai ce dif ya yi shiru.

Ga awon da za ka ba mai inji, ka rubuta a takarda don su da inci suka saba kuma kunnensu na kan wanbaitwal da tubaifo. Fuska yanki biyu kowanne santimita 53 da 20, baya ma haka, gefe guda biyu 80 da 11, wuya mita ɗaya da faɗin 7.5 da kaurin 2.5 wanda daga jikinsa za ka yanko kai da dunduniya ka manna, allon yatsu, wato wanda ake mannawa a kan wuya ana danna tsirkiya a kai, 50 da 7 da kaurin milimita 8, jaki 19 da 3 da kaurin santimita ɗaya. Siraran a tsaga maka su a milimita 5 ko 6 a tsaya nan, kar ka yarda a tura su injin goga ya kai su ƙasa, zai tauna maka su ka dawo gida da ɓaraguzai. Ragowar da hannu za ka sauke, fuska da baya zuwa wajen 2.5, gefe zuwa 2. Kuma yankan da suka fito a jere ka yi musu lamba da alli nan take, domin biyun da ke maƙwabtaka su ake buɗewa kamar littafi a haɗa. Komai ka sayi ninki biyu, gefe ma uku, za ka karya.

Sai babbar maganar, wadda ta fi sunan kowane ice, wato bushewa. Katakon kasuwa kusan duk ɗanye ne, jiya-jiya aka sauke shi daga tirela daga dajin da ruwa bai daɗe da ɗaukewa ba, mai shago zai rantse maka ya bushe ƙayau kuma a wajensa gaskiya ya faɗa tunda na rufin kwano yake nufi. Ni jitata ta farko haka aka yi min, na yarda da rantsuwa, na haɗa ta cikin marka a watan Agusta na rufe akwatin ina ta murna har da kai ta majalisa, ta yi wata huɗu lafiya lau, ranar nan cikin Janairu da tsakar dare ina kwance sai na ji ƙas kamar an taka kara, na haska fitila na ga fuskar ta tsage tun daga jaki har gindi, ga ƙarafan firet, waɗanda ake gittawa a kan allon yatsu, duk sun leƙo ta gefe suna yankar hannu saboda allon ya motse ya bar su. Wallahi ranar ko karyawa ban iya yi ba. Dalilin kuwa a fili yake, masu wannan sana'a a waje suna tsare ɗakin aikinsu a danshin iska kashi 45 zuwa 50 cikin ɗari duk shekara, mu kuwa a nan cikin marka yana haura 70 da 80, in hunturu ya kankama ya faɗo ƙasa da 20, kuma tsakanin waɗannan biyun fuskar jita tana iya motsewa kusan rabin santimita ta faɗi, alhali azara da gefe sun riƙe ta ba inda za ta je, to me ya rage in ba tsagewa ba. In ka haɗa a bushe damina ta zo, kumbura kawai za ta yi ta ɗan turo ciki tsirkiya ta ɗaga, rani ya zo ta koma. In ka haɗa a jiƙe rani ya zo, sai dai haƙuri. Shi ya sa ni manna azara da rufe akwati ba na yin su sai bayan kaka, daga Nuwamba zuwa farkon Disamba, iska ta bushe amma ba ta kai ƙarshen ƙeƙashewa ba. Ka sayi ɗan agogon auna danshi irin na masu injin ƙyanƙyasar ƙwai, ba tsada, ka rataye a shago, in yana nuna tsakanin 30 da 40 to lokacinka ne.

Yadda za ka busar: da ka dawo ka narka kyandir ka tsoma bakunan biyu, ko ka shafa fenti mai kauri, domin ta baki ruwa yake saurin fita ya fasa. Ka jera su a ɗaki a inuwa, kar rana ta gan su, tsakanin kowane biyu ka sa ƴan sanduna uku ko huɗu masu kauri ɗaya a saitin juna, ka ɗora bulo a sama, kuma ka ɗaga su daga ƙasa ka janye daga bango saboda gara, ka san halinta a ɗakin ƙasa, dare ɗaya ta gama da kai. Ƙa'idar da aka saba ita ce shekara guda ga kowane inci na kauri, siraran in sun ga rani ɗaya cikakke sun yi, na wuyan shi ne mai cin lokaci. Ka samu ƙaramin sikeli mai lamba ka riƙa auna yanki ɗaya duk Juma'a kana rubutawa a jikinsa da fensir, ranar da ka ga sati uku huɗu nauyin bai sauka ba to ya daidaita da iskar ɗakin.

In kuma ba ka da haƙurin jira akwai gajeriyar hanya, tsofaffin kaya. Tsohuwar ƙofa, tsohon teburin ofis, kan gadon kakarka da aka jingine a zaure, irin na shekarun 1960 da 1970 yawancinsu mahogani ne zalla da ya sha rani hamsin, kai ba wani katakon oda da zai fi shi zama. Mafi kyawun wuyan da na taɓa yi daga ƙafar wani karyayyen tebur na fitar da shi. Ka dai bi a hankali da ƙusoshin da suka nutse.

Allon yatsu da jaki suna son ice mai tauri da farce da tsirkiya ba za su ci ba. Su baƙin ebani suke sawa, wanda yake fitowa a dazukan Kamaru da kudancin ƙasar nan, har Taylor da Madinter suka haɗu suka sayi masana'antar yankansa a Yawunde a 2011. Kanyarmu danginsa ce, sai dai ba kasafai cikinta yake baƙi ba, amma taurin yana nan. Ni dai ƙirya nake sawa a allo, icen da ake turmi da gawayin maƙera da shi ai ba sai an yi maka bayanin taurinsa ba, ka je wajen masassaƙa ranar kasuwar Gujungu ko ta Wudil ka ce su ware maka busasshen yanki miƙaƙƙe, ko ka nemi tsohon turmi da ya fashe aka yar. Na jaki kuma maɗobiya ta fi, don ƙirya ta cika nauyi, jaki in an gama sassaƙa shi bai kamata ya wuce giram 20 zuwa 25 ba, in ya yi nauyi kamar ka ɗora dutse ne a kan fatar kalangu. Amma fa ka sani maɗobiya an yi mata ta'adi, tirela-tirela aka riƙa kwasa daga Taraba ana kaiwa Sin, shi ya sa tun farkon 2017 tana cikin jerin yarjejeniyar CITES da ba a fitar da su waje sai da takarda, a taron Panama na Nuwamban 2022 kuma aka ƙara maɗaci da kawo. Kai da guntu ɗaya ya ishe ka ba ruwanka da wannan, abin da nake ja maka kunne a kai shi ne kar zumuɗi ya sa ka ɗauki gatari ka nufi ice mai rai, ga malamin daji ga kuma hamada da take cin mu ta arewa, bare ma ɗanyen ba zai yi maka amfani ba sai bayan shekaru.

Ƙashin da tsirkiya take hawa a kai, na sama wajen kai da na kan jaki, wajen mahauta za ka samo. Ƙashin ƙwaurin saniya, ko na raƙumi in ka samu wanda zai taho maka da shi daga Maigatari ranar Alhamis, ya fi kauri da fari. Ka datse kawunan ka zuƙe ɓargon, ka dafa da garin sabulu, ka shanya a inuwa inda kare ba zai kai ba, ni an taɓa yi min wannan ɓarnar, sannan ka jiƙa shi a fetur cikin kwalba mai murfi kwana biyu uku nesa da wuta don maiƙon ya fita, in ba haka ba zai riƙa tsattsafowa ya ɓata katakon.

Gam. Wannan mai warin fetur na manna fomeka da takalmi kar ya kusanci jitarka, roba ne, yana shanye sauti kuma yana saki. Sufa gulu na ƙananan gyara ne da riƙe firet. Ƙaro duk da muna da shi a Jigawa ba na wannan aikin ba ne, danshi kaɗan ya narke. Farin gam na kafintoci zai yi maka yawancin haɗin in katako ya zauna da katako ba rata, amma halinsa ne in ya sha zafi kuma ana jan sa sai ya riƙa silalewa a hankali, ka kuwa san zafin Afrilu a ɗakin kwano, don haka jaki da wuya ka nema musu Titebond Original, na asalin ba mai lamba biyu ko uku ba. Ko kuma ka koma na da, gam ɗin fata, wanda da shi aka haɗa duk tsofaffin jitoci da gogen Turawa. Garin jelatin marar zaƙi da masu kayan kek suke sayarwa shi ne dai abin, ka jiƙa da ruwa kamar ninki biyu, ka sa gwangwanin cikin ruwan zafi wajen digiri 60 kar ya tafasa, yana bushewa ƙamas kamar gilashi kuma in ka yi kuskure ɗumi da ruwa suna buɗe shi. Wahalarsa sauri, yana daskarewa kafin ka gama lalube, don haka ka ɗumama katakon tukuna kuma kar ka yi da sanyin asuba.

Abin da ba yadda za ka yi sai ka saya su ne wayar firet da kunnuwan ɗaure tsirkiya da tsirkiyar kanta. Shagunan kayan kiɗa na Sabon Gari masu sayar wa coci-coci suna da tsirkiya da kunnuwa, wayar firet ce sai an tambaya ko a sa a taho da ita daga kasuwar Alaba ta Legas ko ka yi oda, mita biyu ta ishe ka har da kuskure. Dabara mai sauƙi ita ce ka nemi matacciyar jita ta gwanjo wadda wuyanta ya karye, ka cire kunnuwan, sannan ka fasa ta ka ga cikinta da idonka, wannan ya fi bidiyo goma, amma kar ka sa rai da fuskarta don masu arahar nan falewud ne. Kar ka ce za ka sa wayar burki irin ta kuntigi a matsayin tsirkiya, kauri shida daban-daban ake buƙata. Ramin firet faɗinsa wajen milimita 0.6 ne, ka sayi wayar tukuna sannan ka nemi siririn zarton da ya dace da ita ka gwada a guntu. Lissafin wurarensu kuma, in tsawon tsirkiya milimita 650 ne ka raba da 17.817 zai ba ka 36.5, nan ne firet na farko, ka cire shi daga 650 ka sake raba ragowar ya ba ka tazarar da ke tsakanin na farko da na biyu, haka har 19, in ka zo na 12 dole ya faɗa a kan 325 daidai, in bai faɗa ba ka koma baya ka nemo inda ka kauce. Wannan da rula ta ƙarfe ake yi ba tef ɗin tela ba.

Kayan aiki ba sai ka sayi na bidiyo ba. Lanƙwasa gefe guntun bututun ƙarfe ne mai faɗin inci biyu zuwa uku daga Ƙofar Ruwa, ba mai rufin farin sinadarin nan ba don hayaƙinsa guba ne, ka ɗaure shi a benci ka zuba garwashi a ciki, in ka ɗiga ruwa ka ga yana rawa a kai maimakon ya tsaya to ya yi, ka ɗan fesa wa katakon ruwa ka riƙa murzawa a hankali har ka ji ya saki da kansa. Matsewa kuwa tsohon tubun babur ka yayyanka, da igiya da ƴan fegi, da maƙalan shanya. Kankarewar ƙarshe da guntun tsohon zarto ko fasasshen gilashi ta fi samfefa. Shafe kuma ɗan kaɗan, shelak da aka narkar a sifirit ka riƙa gogawa da tsumma, ko laka ta kafintoci, wato lacquer, siririya, kar ka lafta mata banish irin na ƙofa ka toshe mata murya, kuma ka yi a ɗaki rufe ka yayyafa ruwa a ƙasa saboda ƙurar hunturu.

In da ni ne kai, satin nan zan fara da katakon wuya da na allo tunda su ne masu jinkirin bushewa, in jera su, in sayi obeche mai araha in yi ta koyon sauke kauri da lanƙwasa a kansa har rani ya wuce. In ka je kasuwar ka ga falankin da ya kwanta maka, ka kankare bakinsa ka ɗauki hoto a haske ka turo min kafin ka biya, zan duba maka layukan.